Tsohuwar da ke Ɗinki a Cikin Kai

Ni ce na kusa sa a kori Asabe mai daddawa daga ƙauyenmu, ina da shekara takwas, kuma ko tashi daga kan tabarma ban yi ba na tafka wannan aika-aika. Mafarki kawai na yi. Har yau in na tuna sai kunya ta rufe ni, ko da yake kakata, wadda muke kira Iya, ta sha gaya mini in daina ɗora wa kaina laifin abin da ya faru ina barci.

Ƙauyenmu yana tsakanin Makarfi da Kudan, a bakin fadama, kuma duk arzikinmu rake ne. A shekarun nan na farko bayan Turawa sun miƙa mulki, gidanmu yana da injin matse rake irin wanda doki ke juyawa. Da an gama girbin dawa sai a kafa shi a bayan gida, a haƙa murhu, a ɗora manyan kasake, a yi ta dafa ruwan rake har ya yi kauri, a zuba a ƙananan kwanoni ya daskare ya zama mazarƙwaila. Mai tsayawa a kan wutar shi ne Baffa Sale, yayan mahaifina kuma mai gidanmu. Mutum ne mai ƙwazo da saurin hawa, wanda in ya furta magana, ko ya gane kuskure ce, sai ya bi ta har inda ta tsaya. Shi ne ɗan farin Iya, don haka ba ta taɓa kiran sunansa, ba ta ko nuna ita ta haife shi. In ta so ambatonsa sai ta ce “wancan mai kaskon”.

A gefen wannan wuta Iya ke shimfiɗa tabarmarta bayan magariba. Mu yaran unguwa mu kewaye ta, rabi don tatsuniya, rabi don ƙanzon mazarƙwaila da ake kankaro mana daga gindin kasko. Ta san haka sarai. Takan dube mu ta ce, “Kwaɗayayyun banza, na san ba ni kuka zo gani ba.” Sannan ta gyara zama, ta miƙe ƙafa wajen wuta.

“Ga baƙuwa a ƙofa. A buɗe mata ko ta wuce?”

“A buɗe mata!”

“Ba ta cin tuwo fa, kunne take ci.”

“Ga namu nan!”

Daga nan ba ka ƙara jin komai sai muryarta da tafasar kasko.

A wannan shekarar zazzaɓi ya kwantar da ni, irin mai zuwa ya tafi ya dawo. A dare na biyu na yi mafarki. Na ga Asabe a tsaye a kaina, idanunta jawur, tana miƙo mini nama a tsinke tana kiran sunana, “Talatu, zo ki karɓa.” Na so in gudu, ƙafafuna suka ƙi ɗagawa. Na farka ina ihu ina cewa, “Asabe ce! Ku hana ta, nama za ta ba ni!” Gidan duka ya ji.

Wanda bai tashi a ƙauye ba ba zai san nauyin wannan magana ba. A wurinmu, in yaro marar lafiya ya ambaci sunan mutum cikin barci, balle a ce nama aka miƙa masa, to shi ke nan, mayya ce ta kama kurwarsa. Magani kuwa ɗaya ne: a kawo wadda aka ambata gaban jama'a, a tilasta mata ta tsallake yaron don ta sake shi. In ta ƙi, a ce ta tabbata. In ta yarda ta tsallake, nan ma ta tabbata. Daga ranar ba mai sayen abincinta, ba mai barin ta ɗauki jaririnsa, mata su riƙa janye 'ya'yansu in ta wuce, har ta tattara komatsanta ta bar gari. Ga shi Asabe ba ta da kowa. Daga wajen Ikara aka auro ta, mijin ya rasu, 'ya'yan da ta haifa ba su rayu ba, ta zauna ita kaɗai tana dafa kalwa tana yin daddawa.

Kafin hantsi magana ta gama unguwa. Masu cewa ruwa ba ya tsami banza suka yi ta cewa. Wata ta tuna akuyarta ta mutu bayan Asabe ta yaba ta. Baffa ya rantse gobe bayan azahar zai tara liman da dattawa, jibi kuma a kai magana gaban mai unguwa. Ranar nan tiren daddawar Asabe ya dawo gida kamar yadda ya fita. Ni kuwa ina kwance ina kuka, don ina son matar nan, takan ba ni ƙuli-ƙuli in an aike ni wurinta, amma kuma na gan ta da idona, ko abin da nake zaton idona ne.

Da yamma jikina ya ɗan yi sanyi. Iya ta shigo ta ce, “Taso, ƙawata, yau baƙuwar taki ce.” Mahaifiyata ta ce yarinyar ba ta da lafiya. Iya ta ce wuta ba ta taɓa ƙara wa kowa zazzaɓi ba. Ta lulluɓe ni da zanenta, ta kai ni bakin murhu, ta zaunar da ni a cinyarta. Na lura ranar ta matsa da tabarmarta kusa da inda Baffa ke kwashe kumfa, kusa fiye da kullum.

Tatsuniyar da ta yi ba mu taɓa jin ta ba, kuma ina kyautata zaton a ranar ta ƙirƙire ta. Ta ce akwai wani gari mai ganuwa, sunansa Kai. Yana da ƙofofi: Ido biyu, Kunne biyu, da Hanci, da Baki. Tun safe fatake ke ta shigowa da kaya ta ƙofofin nan suna zubewa a kasuwa. A tsakiyar kasuwa akwai alƙali, sunansa Hankali, duk abin da aka shigo da shi sai ya duba ya ce wannan gaskiya ne, wannan shirme ne. In rana ta faɗi sai a rufe ƙofofi, alƙali ya naɗe buzunsa ya kwanta.

“To a nan ne,” in ji Iya, tana rage murya, “wata tsohuwa ke fitowa da tsintsiya. Aikinta ta share kasuwa, ta ware abin ajiya ta kai rumbu, ta zubar da tarkace. Amma tana da wata jaraba. Ɗinki! Duk ƙyallen da ta tsinta sai ta haɗa shi da wani. Ga shi ba ta da fitila. Sai ta ɗinka kan jaki a wuyan malam, ta ɗinka kasuwar bara a gonar bana, ta ɗauko kakanka da ya mutu tuntuni ta zaunar da shi a kan keke.”

Muka fashe da dariya. Ta ce kafin tsohuwar ta fara ɗinki, sai ta bi dawakin garin, wato hannu da ƙafa, ta ɗaure su tamau a turke, don kada su ga abin da ta ɗinka su zabura su karya gari. Shi ya sa mai mafarki ke son gudu ya kasa. In kuwa alƙali ya farka ba ta gama kwance dawakin ba, shi ne abin da mutane ke kira dannau. Ta ce tsohuwar tana da maƙwabci wai shi Tsoro, wanda ba ya barci sam, shi ke miƙo mata zare, kuma baƙin zare ya fi so. Ranar da gari ya yi zafi kuwa, su biyun kamar an biya su lada.

Wata rana, in ji Iya, sarkin garin ya leƙo ya ga mayafin da aka ɗinka. A jikin mayafin ga amininsa ya ɗora wa sarkin wuƙa a wuya. Da gari ya waye ya ce a kori aminin. Ana cikin jan sa sai tsohuwar ta fito, abin da ba ta taɓa yi da rana ba, ta ce, “Ranka ya daɗe, a ba ni mayafin.” Ta sa haƙori ta tsinke zare. Wuƙa ta faɗi gefe, ashe askar wanzami ce da ya yi wa sarki aski jiya. Fuska ta faɗi gefe, ta aminin ce lokacin da ya zo gaisuwa. Ba abin da ya haɗa su sai zarenta. Sarki ya ji kunya, ya ba aminin riga. “Nan na tsinke nawa zaren,” in ji Iya, “mai son ƙari ya ƙulla da kansa.”

Ba ta sallame mu ba. Ta juyo da fuskata wajenta.

“To, ƙawata, kawo naki mayafin mu warware. Ranar kasuwar Makarfi da aka tafi da ke, me kika yi wa kuka?”

Na sunkuyar da kai na ce, “Tsire.”

“Aka saya miki?”

“Baffa ya ce ba a saba wa yaro da kwaɗayi.”

“Ga nama a tsinke, mun ajiye shi gefe. Washegari wa aka aike ki wurinta?”

“Asabe.”

“Kika same ta tana me?”

“Tana hura wutar kalwa. Itacen ɗanye ne.”

“Idonta fa?”

Sai na ji kamar an sauke mini kaya daga ka. Na ce da ƙarfi, “Ja! Hayaƙi ya sa shi ja! Ta ce Talatu zo ki karɓa, daddawa ta miƙo mini!”

Yara suka hau tafi. Baffa bai tafa ba. Ya buga ludayinsa a bakin kasko ya ce, ba tare da ya dubi Iya ba, “Tatsuniya daban, rai daban. Ba za a yi wasa da ran yarinya ba. Gobe dattawa za su zo.” Iya ta naɗe tabarmarta. Ta goya ni kamar jaririya, muka shiga gida.

Washegari bayan azahar liman ya iso da dattawa biyu. Ina kwance a zaure, inda aka fito da ni don su gan ni. Baffa kuwa, da yake kwana biyu bai rintsa ba saboda aikin kasko, ya ɗan kishingiɗa a gindin tsamiyar ƙofar gida yana jiransu, barci ya yi awon gaba da shi. Ɗaya daga cikin dattawan zai tashe shi, Iya ta ɗaga hannu.

“Malam, ku yi mini alfarma ɗaya. Ku zauna, kada kowa ya yi tari.”

Tsohuwa ce, uwar mai gida, ba su iya musa mata ba. Suka zauna. Aka daɗe, har liman ya fara jan carbi yana duban rana. Ni ina leƙe ta ƙofar zaure, ban san abin da take jira ba. Can sai ta yafuto su, ta nuna fuskar Baffa. Idanunsa a rufe suke, amma ƙwayar idon tana ta kai da kawowa a ƙarƙashin fata.

“Ta fara ɗinki,” in ji Iya a hankali. “Bari in miƙa mata ƙyalle.”

Ta ɗauki butar alwala, ta riƙa ɗiga masa ruwa a tafin ƙafa, ɗis, ɗis, sannan a ƙauri. Ta sunkuya kusa da kunnensa ta yi kira can ƙasa-ƙasa, irin kiran da uwa ke yi wa yaro daga nesa, “Kai! Zo nan. Zo nan, na ce.” Ta koma ta zauna, ta tura butar bayanta, ta rufe da zane. Baffa ya yi gurnani, yatsunsa suka motsa, numfashinsa ya yi sama. Sai ya zabura ya tashi zaune yana salati.

Da ya ga liman a gabansa, ko gaisuwa bai gama ba ya ce, “Malam, gara da ka zo. Wallahi wani mugun mafarki na yi yanzun nan. Ina tsakiyar fadama, ruwa ya taso ya kama ni har gwiwa, ina so in fita ƙafa ta ƙi. Ga Iya a cikin ruwan tana kira na, zo nan, zo nan, tana ja na wajen zurfi. Malam, mene ne fassararsa?”

Iya ta miƙe tsaye, ta gyara ɗaurin zanenta, ta yi abin da ba a taɓa jin ta yi ba.

“Malam, kun ji da kunnenku. Ɗan da na haifa da cikina, Salihu, ya gan ni a mafarki ina jan sa cikin ruwa. To a kira mai unguwa. A shimfiɗe shi a nan in tsallake shi, tunda ni ma mayya ce.”

Ta janye zane, ta ɗaga butar, ta ajiye a gabansa. Baffa ya dubi butar, ya dubi jiƙaƙƙiyar ƙafarsa, ya dubi uwarsa da ta kira sunansa a bainar jama'a. Dattijon da ke gefen liman ne ya fara, dariya ta ƙwace masa har rawaninsa ya zame. Ɗayan ya bi. Liman ya yi ta maza, ya rufe baki da hannun riga, amma kafaɗunsa sun tona shi. Ni ma daga zaure na yi dariya har tari ya sarƙe ni, ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba.

Da aka natsu liman ya ce gani ya kori ji. Ya ce su ma a karatu an sanar da su mafarki ba iri ɗaya ba ne: akwai na gaskiya wanda Allah ke nuna wa bawansa, akwai na Shaiɗan, akwai kuma wanda zuciyar mutum ce kawai ke maimaita abin da ta wuni da shi. Ya ce ba a yanke wa Musulmi hukunci da mafarkin yaro mai zazzaɓi, kuma shi ba zai taka zuwa gidan mai unguwa da wannan magana ba.

Abin da na fi girmama Baffa da shi ke nan. Wannan karon bai bi maganarsa har inda ta tsaya ba. Ya tashi ya ɗauki mazarƙwaila ƙwarya guda, ya nufi gidan Asabe, dattawa na biye da shi, ya tsaya a ƙofa ya nemi gafararta da murya yadda maƙwabta za su ji. Aka ce ta yi ta kuka. Da la'asar Iya ta aika a sayo mata daddawar sisi, ta ce ɗan aiken ya bi ta tsakiyar unguwa da ita a buɗe. Washegari Baffa ya ɗora ni a keke ya kai ni ɗakin shan magani a Makarfi, aka ba ni wani magani mai ɗacin tsiya, cikin kwana uku na miƙe.

Na taɓa tambayar Iya, da na girma kaɗan, me za ta yi da Baffa ya farka ya ce bai ga komai ba. Ta ce, “Da na ji kunya, in sake wata dabara. Amma wancan mai kaskon tun yana yaro yake tsoron ruwa, ya taɓa faɗawa rafi. Na san ƙyallen da ke saman kwandonsa.”

Shekaru bayan haka na shiga makarantar koyon aikin jinya a Zariya. Wata rana malaminmu ya zana ƙwaƙwalwa a allo yana bayanin barci. Ya ce ƙwaƙwalwa ba ta kwanciya gaba ɗaya, barci hawa-hawa ne, kuma akwai matakin da ido ke yawo a ƙarƙashin fata, a nan aka fi yin mafarki mai kama da gaske. A wannan matakin, sashen gaba na ƙwaƙwalwa, mai auna abu ya ce wannan ba zai yiwu ba, yakan lafa, sassan da ke riƙe da tsoro da tunawa kuwa suna nan a farke suna jujjuya abin da aka gani da abin da aka ji. Daga gindin ƙwaƙwalwa ake sakar wa gaɓoɓi kasala don kada mutum ya tashi ya aikata abin da yake gani. Sanyi ko ƙara ko ƙamshi na iya kutsawa cikin mafarkin, zazzaɓi kuma yana dagula shi. Ya ƙara da cewa har yanzu masana ba su gama sanin dalilin mafarki ba. Ban san lokacin da dariya ta kuɓuce mini ba. Ya ce in tashi in faɗa wa aji abin dariya. Na ce, “Malam, kakata ta riga ta koya mana wannan, da buta.” Ya kore ni waje, kuma ban ji haushi ba ko kaɗan.

Na yi aiki a Ikara shekaru masu yawa, na ga yara da dama suna sambatu cikin zazzaɓi suna kiran sunayen mutane, na ga yadda iyaye ke kallon juna in sunan ya fito. Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa, don haka nakan yi sauri in tare ta. In zauna in tambayi yaron abin da ya gani jiya da shekaranjiya, a gaban uwarsa, har mu gano inda kowane yanki ya fito. Ba kullum nake cin nasara ba. Amma na fahimci abin da Iya ta gane ba tare da allo ba: mutum ba ya zaɓar mafarkinsa, abin da yake zaɓa shi ne abin da zai yi wa maƙwabcinsa bayan ya farka.

Asabe ba ta bar ƙauyenmu ba. Da tsohuwar ungozomarmu ta rasu, ita mata suka fara kira, har ya zama rabin yaran unguwa a hannunta suka faɗo. Lokacin da na koma gida haihuwar fari, naƙuda ta zo mini da gaggawa, ba halin neman mota. Baffa, da furfurarsa da sandarsa, bai aiki kowa ba. Da kansa ya je ƙofarta yana kwaɗa sallama yana cewa, “Asabe, taimaka, 'yarki ce.” Matar da aka so a hana ta ko kallon jariran mutane, ita ta fara ɗaukar ɗana, ta yanke masa cibi, ta wanke shi, ta rungume shi a ƙirjinta tun kafin ni uwarsa in taɓa shi.